Basilla da Baƙaƙen Buhuna

Sunan da aka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tun yana saurayi ake kiransa Basilla, don ba ka ganinsa sai da ita, ko a hannu ko soke a gefen hula. Matarsa ma idan ya ɓata mata rai da sunan take kiransa. Ɗinkin buhu ne sana'arsa, ita ya gada, ita ya tsufa a kai. Ba sana'a ce da ake tashi tsaye a gaida mai ita ba, amma a garin da kowa manomi ne, babu gidan da bai taɓa aiko masa da buhu yana roƙon a taimaka kafin kasuwa ba.

Wurin zamansa wani guntun kututture ne a inuwar katangar gidansa. Nan yake tun safe, ƙullin zare a cinya, tsofaffin buhuna jibge a gefe. Ya san buhunan garin fiye da yadda ya san jikokinsa. Zai ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan na gidan mai gyaran keke ne, bara ɓera ya huda shi a gindi." Kuma haka ne. Yana ninka bakin buhu sau biyu, ya bi shi da ɗinki, ya bar kunnuwa biyu na ɗauka, ya rufe da ɗauri uku. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma ba ya gajiya da faɗarsa: ɗinkinsa bai taɓa kwancewa ba. Mutane sun gaji da jin maganar, sai dai babu wanda ya taɓa kama shi da ƙarya a kanta.

Garin yana kwance a kwari. Kogi ya biyo ta bayansa, ya zo daidai unguwar ƙasa ya lanƙwasa kamar gwiwar hannu, kuma a wannan lanƙwasar yake dukan gaɓa da duk ƙarfinsa. Gidan farko a ƙarƙashinta na autar Basilla ne, wadda ke aure can da 'ya'yanta biyu. Shekara uku da suka wuce kogin ya haura, ya kwashe rumbunan garin kusan duka. Autar ta fito da goyo a baya da tukunya ɗaya a ka, ba ta tsira da komai ba bayan wannan. Tun daga lokacin mutane suka daina gina rumbu, suka koma zuba hatsi a buhu suna ɗorawa a kan katako cikin ɗaki.

Sai dai buhu ya zo da nasa bala'in. Kogi yakan yi shekaru bai waiwaye su ba, ƙwari kuwa ba sa fashi. Tsofaffin buhunan taki ne kowa ke amfani da su, kuma kafin damina ta raba tsakiya, mace za ta buɗe buhu ta tarar rabinsa ya zama gari, ƙwari na yawo a ciki hankali kwance. Watanni biyun da ke gaban girbi su ne watannin da yara ke daina wasa da wuri. Basilla ya binne jika ɗaya a irin waɗannan watanni, kuma bai taɓa yarda cewa zazzaɓi kaɗai ya kashe ta ba.

A ranin wannan shekarar wata ƙungiyar tallafa wa manoma ta zo da babbar mota. Sun kawo iri, sun kawo shebur, sun kawo damin baƙaƙen buhuna sababbi fil. Jagorarsu wata matashiya ce da ba ta rabo da dogon takalmi, nan take aka sa mata Mai Takalmin Roba. Ta tara mutane ta yi bayani dalla-dalla. Waɗannan buhuna, in ji ta, rana ba ta cinsu, ruwa ba ya ruɓar da su. A cika su da yashi, a jera su jinga tun daga bakin hanyar mota har bayan lanƙwasa, a rufe da ƙasa. Ta tsaya aka fara, ta ga layin farko ya miƙe, ta shiga mota ta wuce garin gaba.

Basilla bai ji rabin bayanin ba. Tunda ya ɗauki buhu ɗaya a hannu hankalinsa ya tafi. Ya juya cikinsa waje. Ya ja da ƙarfi, bai ko motsa ba. Ya ɗaga shi ga rana, ko ɗigon haske bai ratso ba. Shekara arba'in yana fama da tsummokara, yau ga buhu na gaske a hannunsa, wai kuma a cika shi da yashi a binne a laka. Abin ya tsaya masa a rai.

Da yamma, mazan garin na zaune ƙofar gidan mai gari, ya kawo maganar.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah. Wannan buhun ƙwaro ba zai taɓa shigarsa ba. Shi yashi ina ruwansa da sabo ko tsoho? Ku kawo tsofaffinku in gyara muku kyauta, mu zuba yashin a ciki. Waɗannan kuwa mu zuba abincin 'ya'yanmu."

Mai gari ya duƙar da kai yana wasa da zoben hannunsa, kuma kowa ya san ya yarda ke nan. Mutum ɗaya ne ya tanka, wani dogo mai fito da mutane a kogi, wanda ake kira Mai Kwalekwale.

"To a ina za a sa tsofaffin?"

"Can baya. Bakin hanya mu sa baƙaƙe, inda ido ke gani."

"Kogi ba ta hanyar mota yake zuwa ba, Basilla."

"Kai ka san ruwa, ni na san buhu," in ji Basilla. "Ɗinkina ya taɓa kwancewa?"

Aka yi dariya, maganar ta zauna. Kada a ɗauka mugunta ce ko sata. Mutanen da suka ga yunwa da idonsu ne aka miƙa wa abin da zai hana ta, aka ce su binne shi. Sati uku Basilla ya yi yana faci da ɗinki har yatsunsa suka kumbura, bai karɓi ko sisi ba. Lanƙwasar gaba ɗayanta da tsofaffin buhunan taki aka jera ta, aka lulluɓe da ƙasa, aka daddaɓe. Wanda ya gani sai ya ce jinga ɗaya ce daga farko har ƙarshe.

Kuma dabarar ta yi aiki, wannan ne abin takaicin. Damina ta yi nisa, mata suka buɗe baƙaƙen buhuna suka tarar da hatsi garau kamar ranar da aka zuba. Aka riƙa aiko wa Basilla da ƙwai, da kaza, da gaisuwa daga gidajen da ba su taɓa sanin yana raye ba. Tafiyarsa ma ta canja. Matarsa ta dube shi wata safiya ta ce, "Malam, hular nan fa ta fara yi maka kaɗan."

Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi na kwana biyu, ya wanke ƙasar da ke kan lanƙwasar. Bayansa sama ta washe, rana ta buɗe wuta kusan sati biyu.

Basilla ya je gaida autarsa, a hanyar dawowa ya hau jingar don ya duba aikinsa. Buhunan sun fito fili, sun yi fari fat. Ya durƙusa ya danna ɗaya da babban yatsa, yatsan ya shige ciki kamar a busasshen ganye, yashi ya zubo. Ya danna na kusa da shi. Haka. Can gefe ya hango wani abu a ƙasa, ya ɗauka. Bakin buhu ne, ninki biyu, ɗinki lafiya lau, ɗauri uku a ƙarshe. Jikin buhun ya marmashe ya tafi, ɗinkin kaɗai ya rage. Ɗinkinsa bai kwance ba, gaskiya ne. Ya daɗe a tsugune yana kallon abin. Ya waiwaya ƙasa, ga rufin gidan autarsa, ga jikokinsa biyu suna kora kaji a tsakar gida. Ya cusa guntun a aljihu.

Bai gaya wa kowa ba. Kullum da sassafe sai ya ɗauki zare ya tafi lanƙwasa yana faci. Amma abin da ba ya riƙe allura ba ya ɗinkuwa. Ya soka nan, can ya yage. A rana ta huɗu autarsa ta hauro ta same shi.

"Baba, me kake yi a nan kullum?"

"Iska nake sha."

"Da basilla a hannu?"

Ta dubi buhunan, ta dubi fuskarsa, ta koma gida ba ta ƙara cewa komai ba. Da yamma ya ga ta ɗaure kayan yaranta a zani ta rataye a saman ƙofa. Wannan ya fi masa ciwo fiye da zagi.

Kashegari Mai Kwalekwale ya zo ya tsaya a kansa. Ya nuna kogin da haɓa. Ruwan ya bar launinsa ya koma ja, yana tafe da kumfa. Wata bishiya ta wuce da ganyenta kore shar, saiwoyinta a sama. Bayanta ƙyauren ɗaki ya biyo, da sakatarsa a jiki.

"Ruwan da aka yi a tudu bai iso ba tukuna," in ji Mai Kwalekwale. "Wannan ɗan aike ne. Ka ba shi kwana uku."

Basilla ya zaro guntun bakin buhun ya miƙa masa. Mutumin ya juya shi a hannu, ya mayar masa.

"Ba ni za ka nuna wa ba."

Ya fara da mai gari. Ya ce a kira Mai Takalmin Roba a waya, ko za ta aiko da wasu buhunan. Mai gari ya ce, "In kira ta in ce mata me? Mun kwashe kayanku mun zuba hatsi? Su cire sunan garin nan daga takardarsu har abada? Kuma hanya ta yanke tun shekaranjiya, ta ina motar za ta biyo?" Daga nan Basilla ya shiga gida-gida, hula a hannu, yana roƙon a juye hatsi a ba shi baƙaƙen buhuna. Mutumin da aka aiko wa kaza wata guda da ya wuce, yau ana jin sallamarsa ana cewa maigidan ba ya nan.

Mai gyaran keke dai ya fito. "Kai ka ce mu zuba, yanzu kuma kai ka ce mu juye? A cikin me? Tsofaffin namu duk suna cikin jingarka. Ƙasan ɗakina ruwa take tsattsafowa, ka zo ka taka ka ji."

Wata tsohuwa mai riƙon marayun jikoki huɗu ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ɗan'uwana, kogin nan ko ya shigo ko kada ya shigo. Yunwa kuwa na san za ta shigo, na san ma ta wace ƙofa. Buhu uku gare ni. Ka yi haƙuri."

Maganarsa ce ta ranar nan take mayar masa.

Ya koma gida rana ta karkata. Buhunansa tara ne, jere a kan katako, abincin gidan har girbi. Ya tsaya a gabansu ya zaro wuƙa. Matarsa ta shigo ta gan shi.

"Basilla, kana cikin hankalinka?"

"'Yarki ce a ƙarƙashin lanƙwasar nan."

"Na sani. Ka zaci ban san inda kake zuwa da safe ba? Yashi nake kakkaɓewa daga wandonka kullum. Buhu tara me za su tare?"

"Ban sani ba."

Ta yi tsaye tana kallonsa, hawaye na bin kuncinta. Sai ta juya ta fita. Ya zaci ta tafi ne, sai ga ta da tabarmi, da zannuwanta, har da zanin gadon da take ɓoyo don baƙi. Ta shimfiɗa su a ƙasa. Ya yanke ɗauri ukun da ya yi da hannunsa, ta kama gindin buhun, suka juye tare. Ƙarar zubar hatsin ta cika ɗakin, kuma babu wanda ya dubi ɗan'uwansa har suka gama na tara.

Autar ta kawo nata huɗu. Mai Kwalekwale ya kawo shida. Wasu gidaje biyu suka aiko a ɓoye. Abin da aka samu bai rufe ko kashi ɗaya cikin biyar na lanƙwasar ba, amma suka cika su da yashi suka jera a inda ruwa ya fi duka.

A rana ta uku, da tsakar rana, ruwan ya iso. Ba da hayaniya ya zo ba. Hawa kawai yake yi, a hankali, yana cinye ciyawar gaɓa layi bayan layi. Garin duka ya fito kan jinga, maza da mata. Inda baƙaƙen buhuna suke, ruwa ya daka ya koma. Dab da su, tsofaffin suka fara zubar da jan ruwa ta bayansu. Wani siririn layi ya gangara, ya ratsa ciyawa, ya je ya taɓa katangar autar Basilla. Kowa ya gani.

Babu wanda ya ba da umarni. Tsohuwar nan mai marayu ce ta fara juyawa, tana sauri iya ƙarfin ƙafafunta. Sai mai gyaran keke. Sai garin ya watse da gudu. Aka juye hatsi a tukwane, a kwanuka, a kan gadaje, da wurin zubawa ya ƙare aka juye a tsurar ƙasa. Hadari ya haɗu, ruwa ya sauko. Mutane na dawowa da baƙaƙen buhuna a ka, wasu na cika yashi, wasu na jerawa, Basilla na durƙushe a laka yana ɗinke bakuna. Zaren ya yanka yatsunsa, jini na bin basillar.

"Ɗauri ɗaya ya isa!" Mai Kwalekwale ya daka masa tsawa. "Ɗaya, Basilla!"

Ya ji, amma hannunsa ya ƙi. Uku yake yi.

Kafin rana ta faɗi lanƙwasar ta zama baƙa daga wannan kai zuwa wancan. Ruwan ya tsaya saura taƙi ɗaya ya haura, ya yi kwana biyu a nan, sannan ya fara ja da baya. Jinga ta tsaya. Ko gida ɗaya bai faɗi ba.

Sai dai sama ba ta ɗauke ba. Kwana biyar ana yayyafi, babu ranar shanya. Mata na juya hatsi da hannu safe da yamma, amma damshi na tasowa daga ƙasa, yana sauka daga rufi. A rana ta uku wanda ya cusa hannu cikin tsibin sai ya ji ɗumi. A ta huɗu wari ya fara, wani tsami-tsami da ke bin mutum har cikin riga. A ta biyar fararen saiwoyi suka fito, hatsin ya kama zanin gadon matar Basilla ya riƙe. Abin da bai tsira ba ya yi baƙin fumfuna, kaji ma suka shinshina suka wuce. Girbi kuwa saura wata biyu.

A rana ta takwas Mai Takalmin Roba ta iso cikin kwalekwale. Ta hau jinga ta bi ta har lanƙwasa, karo na farko da ƙafarta ta taka wurin. Ta ga baƙaƙen buhuna jere, kowanne da ɗauri uku, fuskarta ta cika da murna.

"Garuruwa uku a ƙasanku ruwa ya shafe," in ji ta. "Ku kaɗai kuka yi yadda aka ce. Abincin agajin da muka samu can za mu kai shi. Ku kam kun gode wa Allah, jingarku ta tsaya, hatsinku na ɗaki."

Mai gari ya yi murmushi yana wasa da zobensa. Mai gyaran keke ya dubi ƙasa. Kunya ta ɗaure garin gaba ɗaya, kuma da an bar su, da haka za su raka ta har bakin ruwa suna godiya.

"Wa ya yi wannan ɗinkin?" ta tambaya, tana ɗaga wayarta. "Ina so in ɗauke shi hoto."

Aka nuna Basilla. Ya matso, yatsunsa naɗe da tsumma.

"'Yata, bar hoton. Zo ki ga wani abu."

Mai gari ya yi gyaran murya, Basilla bai waiwaya ba. Ya wuce gaba ta bi shi, jama'a na biye daga nesa. Ya tura ƙofar ɗakinsa. Warin ne ya fara tarbarta, ta sa hannu a hanci. Daga bakin ƙofa har bango ƙasan ɗakin ya yi kore, tsiro ya kai tsawon yatsa, yana karkata wajen taga. Matarsa na zaune a gefen gado da faifai a cinya, tana tsince ƙwayoyin da ba su tsira ba ɗaya-ɗaya.

"Kowane gida haka yake," in ji shi. Ya zaro guntun bakin buhun nan daga aljihu ya sa wa Mai Takalmin Roba a hannu, ya ba ta labarin tun daga ranar da ya ɗaga buhu ga rana. Bai rage komai ba.

"Wa ya kawo shawarar?"

"Ni ne. Su bin maganata kawai suka yi."

Ta daɗe tana kallon ɗakin. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa. "Baba, da ka faɗa tun rani, da akwai buhunan hatsi da za mu iya nema muku. Abincin nan an riga an raba shi a takarda tun jiya. Zan faɗa musu abin da na gani, amma ban yi maka alkawari ba."

Basilla ya gyaɗa kai. Tun rani. Kalma biyu, kuma su ne za su zauna masa a ƙirji iya kwanakin da suka rage masa.

Da suka fito, Mai Kwalekwale na tsaye a ƙofar gida, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ba ita ya duba ba, Basilla ya duba.

"Ya sake yin ja," in ji shi. "Na ga rufin ɗaki ya wuce ɗazu. Wannan karon sai an ɗora layi biyu a kan lanƙwasar."

Hannun Basilla ya tafi gefen hularsa da kansa, ya zaro basillar. Ya dubi mai gyaran keke, ya dubi tsohuwar, ya dubi autarsa da ke tsaye da ƙaramin a kafaɗa. Shi ne mutumin da ya san kowane buhu na garin, don haka bai tambayi kowa ba. Babu sauran ko ɗaya da za a juye.